Kada Ka Koma Lungun Nan

Ƙofar Kuyambana,
Birnin Zariya.

Zuwa ga ɗana Suhaib,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka da sauƙi, Ya mayar maka da lafiyarka, Ya sa wannan ciwo ya zama kaffara. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Gwaggo Sailuba ta saki har tana fitowa tsakar gida, ƙanwarka Tayyiba ta gama jarrabawa, matar yayanku kuma watan haihuwarta ya kama. Da hannuna na rubuta, Tayyiba za ta ɗauki hoton takardar ta tura wayar abokin tafiyarka Jibril, tunda taka ta tafi, kuma an ce muƙamuƙinka ba ya barinka dogon zance. Hakan ma ya fi mini. A waya kakan rufe mini baki da "to Umma, to Umma", amma takarda sai ka kai ƙarshenta.

Ka gama karatun da ya kai ka Birazil, maimakon ka dawo gida sai ka goya jaka a baya kamar ɗan gudun hijira, yau ka kwana wannan gari, gobe wancan, ɗaki ɗaya da mutanen da ba ka san iyayensu ba. Ka ce mini Salbador tsohon birni ne da Turawan Fotugal suka gina, an taɓa kai Hausawa can bauta, kana so ka taka inda suka taka. Na ga hotunan da ka turo, gidaje kore da shuɗi da rawaya jere a kan gangara, tituna shimfiɗe da duwatsu, coci a kowace kwana. Na ce yawo ne, ka ce ilimi ne. Na bar ka saboda na ga ka girma.

Jibril ya so ya rage mini labarin, ya ce faɗuwa ka yi. Na ce ya rantse da Allah, sai ya kasa. Ya ce da rana tsaka kana ɗaukar hoton wata tsohuwar ƙofa wani yaro ya fizge wayar ya ruga. Shi Jibril ya riƙe rigarka, ka fincike. Ka bi yaron kana kururuwar ɓarawo, da Hausa, a ƙasar da ba mai jin ta. Ko da ka tuna ka juya harshe, ba wanda ya motsa. Masu shan shayi suka ci gaba da sha, mai shago ya jawo ƙofarsa ya rufe. Ka cim masa a cikin wani lungu, ka shaƙe masa wuyan riga, ka tsaya kana waige-waige kana jiran jama'a. Jama'ar da ta zo tasa ce. Ɗaya ya fasa kwalba a bango ya tsarga maka dantse tun daga kafaɗa, wani ya share ƙafafunka ka faɗi, suka yi ta tattaka fuskarka a kan duwatsun nan da kake yaba mini, har haƙoranka biyu suka zube. Jibril ya ce da ya iso, takalminka ya fara ganewa kafin fuskarka. Wata tsohuwa mai suyar ƙosai a bakin hanya ce ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure maka hannu, ba don haka ba da jini ya ƙare kafin asibiti. Allah Ya saka mata.

Na san abin da ya kai ka, domin a nan ka tashi. A unguwar nan in an ce ɓarawo, mai alwala barin buta yake, tela ya fito da almakashi a hannu, kafin ka ƙifta ido lungu ya cika. Kai kuma ka ɗauka duk duniya Ƙofar Kuyambana ce. Wauta ce, amma ba ita ta fi damuna ba. Ina so ka zauna ka tambayi kanka, da jama'ar ta fito, me kake jira ta yi wa yaron?

Ni na sani, don na gani bayan ƙaramar Salla. Muna dawowa daga gaisuwar rasuwa ta wajen Ƙofar Gayan, ni da Gwaggo Sailuba, muka tarar an kama wani saurayi wai ya ɗauki waya a shagon caji. Ba wanda ya tsaya tambaya. An tuɓe shi, mai gora na bugu, mai falanki na bugu, wani ya ɗaga bulo da hannu biyu ya sauke masa a gwiwa, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye. Yana kiran sunan Allah, masu dukansa ma suna kira. Yara ƙanana suna jifa suna dariya. Wani dattijo ya shiga tsakani aka ture masa hula. Kafin 'yan sanda su zo ya daina motsi. Da la'asar uwarsa ta zo, ta cire mayafinta ta rufa masa, ta zauna a ƙasa kusa da shi. Har yau in na rufe ido tafin ƙafar yaron nake gani.

Ranar da labarinka ya zo, gida ya cika da 'yan jaje. Yayanku ya miƙe a gaban mutane yana huci, ya ce da a Zariya ne, da taya da fetur sun raba gardama. Na tashi na wanke shi da mari, a gaban matarsa, da gemunsa da komai. Rabon da in ɗaga masa hannu tun yana makarantar allo. Na ce masa ban haifi mai ƙona mutum ba, kuma duk ranar da na ji an gan shi cikin irin wannan taro, ya nemi wata uwar. Bai ci tuwon gidan nan ba sai jiya.

Yanzu ga dalilin takardata. Jibril ya ce ka gane lungun, ka gane fuskar yaron, kuma ka rantse ba za ka bar garin ba sai ka karɓo wayarka, har kana tambayar inda ake sayar da wuƙa. Da hannu ɗaya, da baki a ɗinke. Ya ce kuka ka yi, ka ce ba wayar ce ta dame ka ba, muryar mahaifinku ce a ciki, saƙonnin da ya riƙa tura maka yana jinya, da addu'ar da ya yi maka ta ƙarshe. Na sa Tayyiba ta duba duk wayoyin gidan nan ko akwai a wani wuri. Babu. Ba zan yi maka ƙarya don ka huce ba, muryar ta tafi. Ni da na fi shekara talatin ina tashi da ita, na haƙura tun ranar da aka fita da shi. Ba a wayarka addu'ar take ba, wanda aka roƙa Ya riga Ya ji. Malam mahaifinku bai yi maka ita don ka je ka soki ɗan wani ba, ko a soke ka a bar ka cikin kwata. In ka mutu a can, wa zai yi maka wanka, wa zai sallace ka? In kuma kai ka kashe, da wace fuska zan tsaya gaban Allah, ni da na mari ɗan'uwanka a kan magana kawai?

Saboda haka ka buɗe kunnenka. Ban taɓa faɗa wa ɗayanku wannan kalma ba. In ƙafarka ta sake taka lungun nan, ko da wuƙa ko hannu sake, ko kai kaɗai ko da rakiya, ban yafe maka nonon da ka sha ba. Da zarar likita ya warware ɗinki, ka ɗauki jakarka ka bar garin. Kada ka turo mini bayani, kada ka turo mini ban haƙuri. Hoto ɗaya nake jira, kai zaune cikin motar da za ta fita da kai, da fuskar nan yadda take, ba sai ka ɓoye mini ita ba.

Gwaggo Sailuba tana gaishe ka, tana yi maka sannu. Kawu Hamisu ya sa an yi maka addu'a a masallacin unguwa. Tayyiba da Khairat da Sharfaddeen duk suna gaisuwa, yayanku ma ya ce a gaishe ka, ko da yake bai kalle ni ba da yake faɗa. Ka gaishe mini da Jibril, ka ce na gode da bai yi rantsuwar ƙarya ba, kada kuma ka ji haushinsa. Allah Ya huci zuciyarka, Ya dawo mini da kai da ƙafafunka.

Mahaifiyarka,
Hajiya Batulu