Akawun da Ya Ce Sai Uwata Ta Faɗi Sunana

Zuwa ga Babban Akawu mai kula da takardun masu neman tafiya karatu ƙasashen waje,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ina gaishe ka da aiki, in dai abin da kake yi a bakin teburin nan ana kiransa aiki.

Ni ne Haliru Kwargaba, malamin elementare a ƙasar Wurno. Na san za ka ce ba ka gane ni ba, tunda sau huɗu ina tsayawa gabanka, kowane zuwa sai ka tambaye ni ko ni wane ne. To, ni ne wanda wata jami'a a Ingila ta ba gurbin koyon noman rani da ban-ruwa, da sharaɗin takarduna su isa can kafin a buɗe karatu. Takardun nan suna cikin durowarka tun saukar ruwan fari, ga shi yau gero ya fid da kai. Shekaruna kuma sun kai bakin iyakar da Gwamnati ta yanka wa masu neman ta ɗauki nauyinsu. In na rasa bana, na rasa ke nan. Wasiƙu biyu na aiko maka a rufe ba ka amsa ba, shi ya sa na aika wannan a buga a jarida, ko ka karanta wadda kowa zai karanta.

Na ɗaya. Takarda guda ce ta rage mini, ta shaidar haihuwa da yardar iyaye. A wajenmu ba a rubuta ranar haihuwa, sai dai wani babba ya je gaban alƙali ya rantse. Mahaifina ya rasu ina makarantar Midil. Goggo Hajo, ƙanwarsa, ita ta ɗauke ni tun yaye, a ɗakinta na girma, gabanta aka raɗa mini suna. Ta je ta rantse, alƙali ya buga hatimi. Na kawo maka, ka ɗaga takardar da yatsa biyu kamar tsumma, ka ce tunda uwata na da rai sai ta zo da ƙafarta ta faɗi sunana da bakinta. A jikin fam ɗin, wato takardar da ake cikewa, an rubuta mahaifi ko mai riƙo. Na karanta, ai ni ma Turancin nake koyarwa.

Na biyu. Na sassauta murya na gaya maka ni ɗan fari ne. Duk wanda ya sha ruwan ƙasar nan ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta yi masa magana gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da shi. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In za ta aiko mini da fura, sai ta ce a kai wa wancan. Kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar mutunci. Sai ka gyara ɗamarar wuyanka, ka amsa mini da Turancin nan naka wanda 'yan ajina za su iya yi wa gyara, wai Gwamnati ba ta san kunya ba. Gwamnati dai ban sani ba, amma kai kam na yarda.

Na uku. Don ina son karatun nan, na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na roƙi Goggo ta lallashi Inna. Tsohuwa ta hau jaki daga Kwargaba, ta ƙetare ruwa a kwalekwale, ta shiga lori karo na farko a rayuwarta, tana amai har Sakkwato. Ka bar ta a baranda tun hantsi har bayan azahar, kana ciki kana kurɓar shayi. Da ka ga dama ka kira mu, gaban masinjoji da ƙananan akawuna, ka nuna ni da alƙalami ka ce mata wannan ɗanta ne, kuma yaya sunansa? Ta ja mayafi ta juya fuska ga bango, ta ce, "Ku tambayi Hajo, ita tas sani." Ka sake tambaya da ƙarfi, kamar kurma ka samu. Ta ce, "Ɗan ga, mi kaka so in ce? Ai ga shi nan tsaye gabanka." Yaranka suka bushe da dariya, kai kuwa ka duƙa ka rubuta cewa uwa ba ta tabbatar ba. Ina tsaye ina kallonta, ba ni da ikon in kama hannunta, don ko wannan zai ƙara mata kunya. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Na huɗu, kuma nan ne na raina ka. Da Bature ne ya yi haka, da na ce baƙo ne, bai sani ba. Amma Baturen da kake wa rawar kai shi ya buga fam ɗin, shi ya bar wa mai riƙo gurbi. Kai kuwa mutumin ƙauyen Rara ne, komai tsawon safarka. Akwai wanda kuka zauna benci ɗaya da shi a cikin malaman da muke aiki tare. Ya ce kai ma ɗan fari ne, har gobe mahaifiyarka mai sunan Malam take ce maka, kuma ranar da za a ɗauke ka aikin nan kawunka ne ya je ya rantse. Ashe ka sani sarai. So kake a gani a ofis cewa ka wanke ƙauye daga jikinka, sai ka rasa sabulun da za ka yi wankan da shi sai uwar wani.

Shekaranjiya Goggo ta zo makaranta ta same ni. Ta ce ta tarar da Inna a bayan rumbu ita kaɗai, tana motsa baki tana gwada sunan, ya ƙi fita. Ta ba ta saƙo ta kawo mini: "Ki gaya mai, in dai wanga abu ka hana shi tahiya, ina komawa in hwaɗi." Na shiga aji na rufe ƙofa na yi kuka. Shekara uku na yi ina shirin jarrabawar nan, na ci, kuma Allah ya sani ina son in je in ga yadda ake sarrafa ruwa, in dawo wa fadamarmu da shi. Amma na ce wa Goggo ta koma ta gaya mata ta zauna ɗakinta.

Abin da nake nema gare ka ba shi da yawa. Ka karɓi rantsuwar Goggo Hajo yadda fam ya yarda, ka sa takarduna cikin jakar wasiƙun da za ta tafi Ikko a makon nan, don in ta wuce jirgin ruwa zai tafi babu su. Ka kuma soke layin nan da ka rubuta a kan mahaifiyata, don ƙarya ce, ka san ƙarya ce. In duka biyun sun fi ƙarfinka, ba ni takarduna in shiga wurin Baturen da kaina, in ga ko shi ma sai ya ji daga bakinta.

In kuwa ka ci gaba da zama a kansu har lokaci ya ƙure, to ka ci nasara, Ingila ta wuce ni. Zan koma wa allona da allina. Amma Inna ba za ta sake taka barandarka ba, ko da jami'ar ce za a ɗauko a kawo mini Kwargaba.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka hankalin da zai ɗauke shi. Allah ya ja kwanan mahaifiyarka, ya tsare ta daga tsayawa gaban akawu irin ɗanta.

Wassalam.

Haliru Kwargaba,
malamin elementare, ƙasar Wurno.