Karan da Danda Bai Nuna Mani Ba

Malama Safa, ina gaisuwa, kuma taimako nake nema. Shekara arba'in da ɗaya ina ɗauke da magana guda. Na kai ta gaban mai gari, na kai ta gaban liman biyu, ɗaya ya rasu ɗaya na nan, kowa sai ya ce in yi haƙuri. Haƙurin na yi shi har ya tsufa tare da ni. Amsa nake so. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, ban iya riƙon alƙalami ba. Maƙwabcina Mushe Lamine (Mushe muke ce ma malamin lakwal), wanda ya aje aikin koyarwa, shi ke rubutawa, kuma na gaya mashi kar ya gyara mani magana ko guda, don na san halinshi.

Ga yadda abin yake. Shekarar da damina ta ƙi, hatsi ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, mu biyu muka rage ma innarmu, ni da wana Danda. Dole ɗaya ya fita nema, ɗaya ya zauna da tsohuwa da gona da ƴan awaki huɗu. Kowa na son tafiya. To a wurinmu in abu ya zama haka, kara ake karyawa biyu, dogo da gajere, mutum ya dunƙule su a hannu kawunansu daidai, wanda ya ja dogo shi ya ci. Danda ne babba, shi ya riƙe. Na ja, na samu gajere. Sai kawai ya juya ya wurga abin da ke hannunshi bayan danga, ya shiga ɗaki ɗaurin kaya. Malama, bai buɗe hannu ba! Kowa a garinmu ya san ana buɗe hannu a gwada kara da kara. Ni kuwa kunyar wa ta hana ni magana. Washegari da ya tafi na zagaya bayan danga in duba, awaki sun riga ni.

Ya tafi Abijan, ya yi talla, ya yi shago, ya yi iyali can. Zuwanshi gida huɗu ne a duk shekarun nan, kullum jama'a kewaye da shi, kwana biyu ya juya. Rasuwar inna ma sai bayan sadakar arba'in ya iso. Ni na zauna. Kar ki ɗauka kuka nake. Alhamdu lillahi, rumbuna uku, bana hatsi ya yi kyau, wake ma ya yi. Ni na rufe ma inna ido da hannuna. Matata Zara'u shekara talatin da takwas muna tare, ban da surutu ba ta da aibu. Ƴaƴa bakwai, ɗiyata Fatiha ma malamar asibiti ce a Tasawa. Haƙorana goma sha tara suna nan, ina cin goro da su. Da za a ce in koma baya in sake, ban san ko zan yarda ba. Amma wannan daban, maganar kara daban.

Abin da ya tado ta kuwa wani wasa ne. Fatiha ta sayo mani salula mai shafawa don in riƙa ganin jikoki, ta sa mani wani ɗan wasa a ciki, wai in rage zaman banza da rani. Ban san sunanshi ba. Wani ɗan mutum ne marar fuska, yana tafiya cikin rairayi, sai ya tarar da ƙofa biyu a tsaye, ba bango ba ɗaki, ƙofofi kawai. Ka taɓa wadda kake so. In ka bi ta dama, kifaye ne ke iyo a sama kamar shirwa, wata mata mai kan agogo ta miƙo maka ƙwai da makulli ka zaɓa. In ka bi ta hagu, tsani ne ake sauka da shi cikin gajimare, ka gamu da wani rago sanye da riga yana tambayarka hanya. Shirme dai, amma da daɗin kallo, kuma kafin shayi na fari ya dahu ka gama. To duk inda ka bi, wuri guda za ka ɓulla: tebur, da kwano a rufe. Ɗan mutumin ya miƙa hannu zai buɗe, sai fuskar wayar ta yi baƙi. Wai an gama.

Sau sittin da uku na yi, kowane ina jefa tsakuwa a gwangwani. Na karɓi ƙwai, na karɓi makulli, na ƙi karɓar komai. Na nuna ma ragon hanyar ƙarya. Ran nan na ƙi taɓa kowace ƙofa, na aje wayar a inuwar itacen bedi tun hantsi har azahar in ga wa zai gaji. Da na dawo ciyawa ta tsiro ma ɗan mutumin a ka, ƙofofin sun tako da kansu sun zo gabanshi, sharji kuma saura kaɗan. Zara'u ta ce wasu tsufa na zo masu ta gwiwa, ni nawa ta waya ya biyo. Mushe Lamine ya ce haka mai wasan ya gina abinshi. Ni kuma na ce wanda ya ba ka ƙofa biyu alhali ɗaki guda ne ya cuce ka, ko da ɗakin mai kyau ne. Tun ran da na gane haka nake tunanin ko karan nan duka biyu gajeru ne.

Yanzu Danda ya dawo. Yana Mayahi gidan ɗanshi Abdurrahamane, ido ya yi rauni, ƙafa ta kumbura, an ce ko masallaci ba ya kai kanshi. Sau biyu ya aiko, na fari da goro, na biyu da rawani, wai yana so ya zo gida ya yi kaka, ya kwana ɗakin inna, ya ji ƙamshin sabon hatsi. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Goron na ci, rawanin na rataye. Nan da sati uku a gama yankan hatsi. Ɗakin na nan, na ma sa an yi mashi sabon yaɓe, kar ki tambaye ni dalili. Amma na faɗa ma kaina ba zai taka gidan nan ba sai na san abin da ke hannunshi ran nan.

Ku da kuka yi karatu ku kuka san masu yin irin waɗannan abubuwa. A nemo mani wanda ya gina wasan ya faɗi abin da ke cikin kwanon, kuma ko akwai hanyar da ke kaiwa wani wuri daban. Sannan ke ki gaya mani, in tambayi Danda ko kuwa? Kar a sake ce mani in yi haƙuri. Wani dai ya amsa mani, ko sau ɗaya, kafin a ɗaure dammunan hatsi.

Tsoho Mai Jiran Amsa, daga karkarar Hawandawaki

AMSA

Baba, na gaishe ka, na gaida Inna Zara'u, da Mushe Lamine da ya riƙe amana. Na ga bai gyara ba.

Maganar wasa ta fi sauƙi. Irin waɗannan ƙananan wasanni galibi mutum ɗaya ko biyu ke haɗa su, ba don a ci ko a faɗi ba, sai don su sa mai wasa tunani. Wasu suna da ƙarshe iri-iri, wasu guda tak, kuma da gangan. Daga bayaninka, naka mai guda ne. Kwanon kuwa mai yiwuwa ba a zana komai a cikinsa ba. Inda hoto ya tsaya, nan aikin ya tsaya. Babu wanda ke ciki yana kallonka, kuma ba duba ba ne, bai san Danda ba. Ka ci gaba da wasanka tun da yana maka daɗi, amma ka daina tara tsakuwa.

A maganar kara kana da gaskiya. Ana buɗe hannu, shi bai buɗe ba, kuma duk wanda ya ba ka haƙuri bai fara yarda da wannan ba, ya gajarta maka. Tambaya haƙƙinka ce. Sai dai ga nasa ɓangaren. Lokacin shi ma saurayi ne mai jin yunwa, ga uwa ga ƙane. Wataƙila ya ga shi zai fi jure wahalar waje. Wataƙila son kai ne kawai. Yana kuma yiwuwa karan dogo ne, ɗoki ya sa ya jefar, bai san ya bar maka ciwo ba. Ni ban sani ba, liman bai sani ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya sani, yana Mayahi da kumburarriyar ƙafa, kai kuma ka tambayi kowa ban da shi. Ka tuna kuma bai yi sallama da mahaifiyarku ba. Mutumin da ke roƙon kwana a ɗakinta yana da nasa nauyin da ya ɗauko.

Inda ban bi ka ba shi ne sharaɗin. Ka ce ba zai shigo ba sai ka sani, alhali ba za ka sani ba sai ya shigo. Wannan magana ba ta waya ba ce, ba ta ɗan aike ba ce. Wasa kana sake shi duk lokacin da ka so. Kakar bana guda ce, kuma ba mu san wa ta baɗi za ta tarar ba.

Ga shawarata. Yau ka kira shi da bakinka, ba ta hannun Abdurrahamane ba, ka ce ya taho. A samo mota, ƙafarsa ba ta hawan babur ɗin kabu-kabu ba ce a wannan rairayin. Ka bar shi kwana uku ya huta, ya sha furar sabon hatsi. Sannan da hantsi ka kai shi bakin gona, ku biyu kaɗai, ka tambaye shi sau ɗaya, ba da faɗa ba. In ya ce bai tuna ba, ka karɓa, tsufa na yin haka. In ya ce duka gajeru ne, to ka samu amsar da ka daɗe kana nema, abin da za ka yi da ita kuma naka ne. Ni dai fatana ka kama hannunsa ku koma gida, don ba ya gani sosai, kai kuwa ka san hanya.

Allah ya ba Danda lafiya, ya sa albarka a hatsin bana, ya bar ku ku ci shi tare.

Malama Safa