Na danna O, muryar matar Mushe ta tafi

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Gyaran ordinata, wato kwamfuta, nake yi a Sabon Gari, nan Maradi. Wata biyar da suka wuce wani dattijo ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagona, daga Tsibiri, da ɗan diski naɗe a cikin kallabi. Malamina ne na lakwal, wato makarantar boko, har yau Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Kirista ne, matarsa ta rasu bara, ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan majami'arsu, kuma duk waƙoƙinta da aka ɗauka suna cikin diskin nan, babu su ko'ina kuma. Ya ce, "Ɗana, abin ga ya ƙi buɗewa a gida. Muryar Madam na ciki. An ce mani kai ne gwani."

Na jona shi, da ƙyar ya buɗe, waƙa ɗaya ta fara, Mushe ya cire tabarau ya sunkuyar da kai. Ko minti ba a yi ba ta tsaya, sai na ji ƙas, ƙas, ƙas daga cikin diskin. Jama'a, na san ƙarar nan kamar yunwar cikina. Diskin da ke wannan kuka mutuwa yake shirin yi, ba a sa shi aikin gyara, lallaɓa shi ake yi a kwafe abin da ya samu tukuna. Ga kile sabuwa, filashin da zan kwafe a ciki, a aljihun teburina, me ya hana ni? Kwafi zai ci awoyi, ga Mushe zaune kusa da ni yana kallon hannuna, mutumin da ya sha tsayar da ni gaban aji don na kasa Faransanci, yau shi ne ke ce mini gwani. Kaina ya kumbura, na so ya ga abin mamaki nan take. Na rubuta umarnin gyara, baƙin allo ya yi mini tambaya da Faransanci, O ko N, wato wi ko no, i ko a'a. Mushe ya leƙo ya karanta a fili, halin malanta ba ya barin mutum, ya ce, "Ka dai gane tambayar? Wanda bai gane tambaya ba, ba shi cewa wi." Na yi dariya na ce, "Mushe, wannan ajin nawa ne." Na danna O.

Ya fara aiki, ƙarar ta ƙaru, ta ƙaru, sannan ya yi tsit. Na cire na mayar ya fi sau goma, ordinata ba ta sake ganinsa ba. Da bakina na ce masa ƙaramar matsala ce, sai dai a Kano ake da injinta. Kuma na je Kanon, Allah shaidana. Mai aikin ya buɗe, ya dube ni ya ce gyaran da na sa ne ya sa allurar cikin diskin ta kankare farantinsa, da kwafi na fara yi da an tsira da mafi yawa. Na dawo na ce wa Mushe suna kan aiki. Diskin yana nan ƙarƙashin teburina cikin kallabinta, ƙafata tana taɓa shi kullum.

Tun ranar ban huta ba. Telan da ke maƙwabtaka da ni in ya taka keke, ƙas-ƙas ɗin nan nake ji. Farkon waƙar matar da ban taɓa gani ba ya zauna mini a kai, har cikin salla yake zuwa. Wane irin ɗalibi ne ni? Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma kowace Juma'a in ya shigo kasuwa sai ya biyo, bai taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai ya ce, "Mi na Kano suka ce?" in ƙara masa wata ƙaryar, ya sa mini albarka ya tafi.

Juma'ar da ta wuce ce ta sa na rubuto. Ya zo ya zauna, ya ce, "Na hwara mance muryatta. Jiya na biɗe ta cikin kaina, ban same ta ba. Kai da ka ji ta rannan, kanka bai tsuhwa ba, ɗan rera mani yadda ta hwara." Na rera masa. Ya gyara mini wuri ɗaya, ya share ido, ya ce, "Ba komi, kwana nawa ne, za mu ji ta da bakinta."

In na faɗa masa gaskiya, ni zan sake binne masa ita. In na yi shiru, jibi Juma'a ce, zai zo. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?