Kwabbai Biyu a Farantin Khiem

Litinin, 4 ga Maris
Mota ta kashe mini Khiem, ɗana tilo, bai bar baya ba. Sai ƙwan haihuwa guda da likitoci suka haɗa musu shi da matarsa Tuyen, yana can asibiti a ƙanƙara. Wai sai da yardarta za a dasa mata. Yardarta! In babu jika, wa zai kunna wa ɗana turare bayan raina?

Alhamis, 7 ga Maris
Yaya Dinh, wan marigayi mijina, ya zo muka tambayi Khiem da kansa. Na kunna turare gaban hotonsa, na jefa kwabbai biyu a faranti. Ɗaya ya kife, ɗaya ya buɗe, ya yarda ke nan. Tuyen daga bakin ƙofa, wai, "Mama, kun tambayi matacce, ni da zan ɗauki cikin ba a tambaye ni ba." Na wurga mata kwanon shinkafa, ya tarwatse a bango.

Lahadi, 10 ga Maris
Yau na dake ta. Na finciko gashinta, na ja ta har gaban hoton, na shara mata mari, na ƙara, har leɓenta ya fashe. Ta dunƙule a ƙasa, ta rufe kunnen dama da hannu biyu, ta bar mini na hagu.
Na ce, "Don ubanki, ɗago ki dube ni!"
Ta ce, "Daki wannan, Mama, ba ya ji. Khiem ya riga ya kashe shi."

Litinin, 11 ga Maris
Ƙarya take. Yaron da ko kaza bai iya yankawa ba!

Alhamis, 14 ga Maris
Tana tsinke ganye, na lallaɓa ta hagunta na raɗa mata ashar. Ba ta motsa ba.
Dunƙulewar nan tata kuwa, na san ta. Haka nake yi wa uban Khiem in yana dukana, Khiem na laɓe bayan ƙofa yana kallo.

Lahadi, 17 ga Maris
Yaya Dinh ya dawo da gora a hannu, wai ko da duka sai ta je asibiti. Na ce a sake tambayar mai abu. Na ba Yaya Dinh baya na jefa kwabban. Ɗaya kife, ɗaya buɗe. Na dafe su da tafin hannu.
Na ce, "Ya fasa. Ya ce a bar ta."
"Matsa in gani."
"Taɓa farantin ɗana ka ga in ban rotsa maka kai da shi ba, tsohon banza!"
Ya fita yana zagina. Gidanmu ya ƙare ke nan, na yi kuka har na gaji.
Da cin abinci na zauna ta damanta. Don dai can fanka take.