Muryar Ramatu a Jar Filasha

Mai Wurno, 3 ga Rajab

Zuwa ga jikata Widad, a Rufa'a.

Bayan sallama, ina fatan kina lafiya, ke da mijin da ya ƙwace mini ke. Ni da sauƙi, sai dai ƙafa.

Ma'ajiyar da kika gina mini a laftof tana buɗewa, sunayen kakanninmu da suka taso daga Sakkwato duk suna nan. Amma in na danna sunan habbobarki, matata Ramatu, don in ji muryarta, sai rubutu ya fito da Larabci, wai malaf ɗin, wato fayil ɗin muryar, ba ya nan. Na kashe na kunna sau bakwai. Salihu mai gyaran waya ya ce ba matsalar shabaka ba ce, wato intanet. Tun rasuwarta gidan nan shiru yake. Faɗa mini abin da zan danna.

Kakanki, Alhasan Mati

*

Jiddo,

Salamu alaikum. Mijin yana gaishe ka, ya ce ba ya mayarwa.

Kwantar da hankalinka. Ita ma'ajiyar, sunaye kawai ta riƙe, da hanyar zuwa ga muryoyin. Su muryoyin suna cikin jar filashar da na bar maka, don laftof ɗin ya cika. Ranar ina saurin kama hafila, motar komawa gida, ban yi maka bayani ba. Soka ta a gefe, ka sake buɗewa. Ka riƙe ta da kyau, ka san wayar da na naɗi muryoyin da ita ta ɓace a hanyar Madani.

Allah ya ƙara lafiya. Widad

*

Widad, bayan gaisuwa.

Na karanta takardarki sau uku.

Mu yadda aka koya mana, in an kwafe karatu a takarda, sai a wanke allo a rubuta wani. Da na ga sunayen sun fito a laftof, na ɗauka an gama kwafa. Maƙwabciyata Sakina ta zo neman inda za ta zuba takardun asibitin mahaifiyarta. Na kai wa Salihu filashar ya wanke, na ba ta.

Jiya na dogara sanda na koma wurinsa. Ya bincika har la'asar, ya ce an riga an rubuta wani abu a kai. Ba laifinki ba ne, kada ki yi kuka.

Na fara rubuta abin da ta faɗa a littafi. Kalmomin suna zuwa. Yadda take jan su ne alƙalami ya kasa, kuma yau da safe na nemi muryar a kaina ban samu ba.

Allah ya yi miki albarka. Alhasan

*

Jiddo,

Ina gaisuwa. Na yi kukan. Zan zo bayan girbin dawa, wannan karon kai zan naɗa, ka faɗa mini duk abin da ta faɗa.

Widad

*

Widad, sallama.

Ki zo. Amma kada ki jira girbi.

Kakanki