Shirun da Na Yi a Kan Kaciyar Habibu

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Malam, ya yara, ya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. Mu nan Gwale sai dai a ce da sauƙi.

Habibu ne ba lafiya. Tun yana wata takwas yake fama da zazzaɓi, in zai yi fitsari sai ya ƙanƙame ni yana kuka. Likita ta ce ƙwayoyin cuta ne suke taruwa a ƙarƙashin fatar gabansa, suna shiga mafitsara. Da ciwon ya dawo karo na uku, ta ce a yi masa kaciya.

Na faɗa wa Hajiya, kakarsa. Ta ce, "A gidan nan ba a yi wa jariri. Sai ya shekara bakwai, wanzami ya yi musu tare da sa'anninsa lokacin sanyi." Babansa ya sunkuyar da kai. Ni ma na ja bakina, Yaya, na yi ta ɗura masa jiƙo har shekara guda.

Wancan makon aka yi masa hoto. Ciwon ya taɓa ƙodarsa ta hagu, kuma an ce tabon ba ya gogewa. Hajiya da kanta ta ce a kai shi asibiti a yi. Jiya aka yi, ko shayina bai huce ba aka miƙo min shi.

Ki sa shi a addu'a, ni na rasa me zan roƙa. Ki gaida Malam da yara. In namiji kika haifa, likita ya faɗa miki magana, kada ki yi irin shiruna.

Ƙanwarki,
Sa'adatu