Abin da Ya Hana Mashud Kiran Mma

Soundview, Bronx, New York
22 ga Maris, 2015

Zuwa ga Yayata Bintu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Mma? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ja mana kwananta. Mu nan sanyi ya fara ja da baya, ko da yake har yau ƙanƙara na tare a bakin titi, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙin motoci. Na san za ki yi mamakin ganin takarda ta hannun Alhaji Braimah alhali ga waya. Dalilin shi ne duk sanda na kira ki sai ki buɗe muryar wayar don Mma ta ji, wannan maganar kuwa ba wadda za ta faɗo mata a kunne ba shiri ba ce. Ki nemi wuri ki zauna ke kaɗai kafin ki ci gaba.

Kada gabanki ya faɗi, ƙanenmu Mashud yana nan da ransa, yana ci yana sha. Amma wata biyu ke nan ina yi muku ƙarya cewa aikin tasi ne ya hana shi kiran Mma, kuma ƙaryar ta ishe ni. Kin tuna ranar da aka fito da gawar Baba daga tafki a Yeji, bayan kwalekwalensa ya daki kututture, Mma ta riƙe hannun Mashud a gaban jama'a ta sa ya yi mata alkawarin ba zai ƙara hawa ruwa ba har abada. Shekara goma sha huɗu yana riƙe da alkawarin nan. Sai dai ke ma kin san ruwa bai taɓa fita ransa ba. Matarsa Adisa ta ce in ya hau gada da mota sai ya rage gudu yana leƙen kogi har na bayansa su cika shi da hon, kuma da zarar sanyi ya shigo sai ya daina magana da kowa.

Tsohon Baturen da nake jinya yana da hotuna a bango, shi a zaune bisa wani farin fili riƙe da ƙaton kifi. 'Yarsa ta ce mini ai tafki ne a arewacin nan jihar, wanda ke daskarewa lokacin sanyi, mutane su je hutu su kama ƙananan gidajen katako, wasu su yi ta sululu da takalman ƙarfe, wasu su huda ƙanƙara su zura fatsa. Ni da shegen bakina na kwaso labarin na kai wa Mashud. Ya tuna mini da alkawarin Mma. Na ce masa ƙanƙarar da har mota ke bi ta kanta ai ta zama ƙasa, kuma wa zai gaya wa Mma? Sati uku ina yi masa naci kafin ya yarda.

Asabar ɗin ƙarshen Janairu muka tafi, ni da shi da Adisa da abokinsa Gafaru, wanda ya tuƙa mu tafiyar awa biyar. Yaya, ban taɓa ganin fari irin wannan ba, har ido ke ciwo. Ga iyalai da yaransu a tsakiyar tafki suna shan shayi hankali kwance. Ni kam rarrafe ne kawai ban yi ba, amma Mashud yana taka wurin sai fuskarsa ta washe, ya dinga dariyar da rabona da jin ta tun muna gida. Mai kula da wurin ya huda mana ramuka da inji, ya ba mu fatsa da tsutsa, sannan ya nuna mana wasu sanduna masu jan ƙyalle can gefen bishiyoyi, ya ce kada kowa ya wuce su.

Awa biyu muna zaune bisa bokitai, ko ɗan kifi ɗaya bai taɓa ƙugiya ba. Sai Mashud ya miƙe ya ƙare wa tafkin kallo, ya hango inda wani rafi ke shigowa ta bayan sandunan nan. Ya ce Baba ya koya masa a bakin rafi kifi ke taruwa, kowane ɗan Yeji ya san haka, kuma shi da aka yaye a kwalekwale ba za a zo nan a koya masa ruwa ba. Gafaru ya ce ya bari. Ni dariya na yi, na ce ya je ya nuna musu ɗan wa ye shi. Ashe ruwan da ke gudana ta ƙasa cin ƙanƙarar yake, wurin da ya fi kifi shi ya fi rashin kauri. Ina kallonsa ya wuce sanda ta biyu, sai na ji wata ƙara kamar an karya busasshen itace, sai kansa da hannuwansa kawai nake gani.

Ya rungumi bakin ramin, safar hannunsa ta jiƙe ta daskare a jikin ƙanƙarar. Mutanen wurin, Allah ya saka musu, suka ja ciki da tsani da igiya, amma sai da aka yi kusan minti ashirin kafin su jawo shi, ga asibiti da nisa. Likitoci suka jira sati biyar su ga yatsun da za su farfaɗo. Sati biyu da suka wuce aka yanke uku a hannun dama, aka bar masa babban yatsa da manuni. Na hagu sun tsira, amma har yanzu suna naɗe, Adisa ce ke ba shi abinci a baki.

Ba hannun ne ke cin sa ba, Yaya. Cewa yake hakkin Mma ne ya kama shi, kuma ba shi da bakin da zai yi mata magana. Saƙon muryar da kika turo makon jiya, wanda Mma ke tambaya ko wani laifi ta yi masa, tana cewa in ta ɓata masa rai ya yafe mata, na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya juya fuska bango, ranar bai ci komai ba. Duk wanda ya zo dubiya daga masallaci, sai ya ce masa taurin kansa ne ya ja masa. Ko sau ɗaya bai ambaci sunana ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da nake roƙon ki shi ne ki gaya wa Mma. Ki bari sai ta sha maganin hawan jininta, ki kira Kawu Tsoho ya zauna kusa. Ki fara da cewa yana raye, sannan ki faɗi nawa laifin kafin nasa, kada ki rage komai, har dariyar da na yi. In fushi za ta yi, ni ce wurin saukarsa. Shi dai ta yi masa magana, ko faɗa ne, don shirun nan ya fi ƙanƙarar illa. Na karɓi hutun kowace Juma'a a wurin aiki, zan riƙa zama a gefen gadonsa daga lokacin la'asar ɗinku har sai ranar da kiran ya shigo. Wayata za ku kira, ba tasa ba, domin ni zan riƙe masa ita a kunne.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Kawu Tsoho, da Abdul-Rahman da Hanan, da maƙwabciyarmu Akosua. Adisa da Gafaru suna gaishe ku. Mma kuwa, kada ki kai mata gaisuwata sai kin gama gaya mata, in ta amsa ki sanar da ni.

Wassalam, taki ƙanwa,
Tahiratu